Zane Kafin Yanka: Madubin da Ke Nuna Iyakar Ciwon Dajin Fata

Mu da muke zaune a Ntoum da kewaye, idan ƙari ko miki ya fito wa ɗayanmu, mun saba a kira wanzami ya yanke, ko a yi sakiya, a barbaɗa magani. Sau da yawa akan dace. Amma akwai mikin da ba ya jin wannan, wato ciwon daji na fata. Shi iyakarsa ta wuce inda ido yake gani. In an yanke abin da ya bayyana kawai, ragowar takan sake tsirowa, wani lokaci har ta yaɗu cikin jiki.

Kada mu ce cutar Turawa ce. 'Yan'uwanmu zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da kariya daga rana, su ne suka fi shan wahalarta, musamman a fuska, kunne da wuya, balle a nan Gabon da rana take tsaye a tsakar ka. Mu masu baƙar fata kuwa takan ɓullo mana a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko a kan tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya ƙi warkewa. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a ɗan yatsan ƙafa aka gano tasa a 1977, ta kuma yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

To, yaya likita yake gane inda ciwon ya tsaya? Akwai wani madubi mai fitila, girmansa kamar tocila, wanda da Faransanci ake kira dermatoscope. A Jamus aka ƙera irin na riƙewa a hannu a 1989. Yana ƙara girman abu ninki 10, yana kuma kawar da ƙyallin fata, sai likita ya hango ƙananan jijiyoyin jini da zanen launi da ke ƙarƙashi. A tafin ƙafa, alal misali, tawadar Allah takan bi kwarin zanen fata, mugun ciwon kuwa yakan hau tudun zanen.

Likita yakan bi gefen mikin da madubin, yana ɗiga alama da alƙalami har ya kewaye shi. Daga wannan da'ira yake auna rara, kamar yadda tela yake barin rara bayan ya ja alli. Ga nau'in da ba ya saurin yaɗuwa, akan ƙara kamar milimita 4 zuwa 6 na lafiyayyar fata. Ga mugun nau'in da ake kira melanoma kuwa, santimita 1 zuwa 2 ne, gwargwadon kaurinsa. Saboda haka in mun ga ɗinki ya fi mikin girma, ba ganganci likita ya yi ba. Kuma in zanen farko ya yi daidai, ba a ɓarnar fata a wuri kamar hanci ko fatar ido, ba a kuma cika komawa tiyata ta biyu ba.

Sai dai madubin faɗi yake nunawa, zurfi kuwa sai an kai naman da aka cire ɗakin gwaje-gwaje, a tabbatar gefensa babu sauran ciwo. Wannan ne wanzami ba zai iya ba, komai gwanintarsa, domin abin da ya yanke yakan binne shi ne. Saboda haka bayan tiyata mu tambayi takardar sakamakon, mu adana ta.

Daga Ntoum zuwa Libreville tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka. Can akwai babban asibitin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Ciwon Daji ta Angondjé. Duk mikin da ya wuce wata guda bai warke ba, ko baƙin tabon da ke ƙara faɗi, ko yake zubar da jini, a nuna wa likita tun aska ba ta taɓa shi ba. Zabiya kuma a riƙa kai su ana duba musu fata a kai a kai, su lizimci malafa da riga mai dogon hannu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.