Shin Ko Kun San? Kansar Furostet da Nisan Asibiti daga Toumboutou

Shin ko kun san cewa kansar furostet, wato ɗan ƙullin nan mai girman ƙaramin goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta fi kama baƙar fata? A Birtaniya, kusan namiji 1 cikin 8 ne zai kamu da ita a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙar fata 1 ne cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya ninka sau biyu ko fiye.

Ko kun san gwajin farko jini kawai ake ɗiba a hannu? Sunansa PSA, kuma tun 1994 Amurka ta amince a riƙa neman cutar da shi. Sai dai shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin kumburin tsufa ko ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi. Idan ya hau, sai a tsakuro ɗan nama da allura a duba.

A nan ne mai hali ya yi wa talaka nisa. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, mai suna PROMIS, ya nuna a 2017 cewa idan aka fara da hoton MRI, kusan kashi 27 cikin 100 na maza za su iya tsallake allurar nan, sauran kuma likita ya san inda zai nufa, ba lalube ba. A 2019 hukumomin lafiyar Ingila suka ce a riƙa farawa da shi. A Disambar 2020 Amurka ta ƙara da hoton PSMA PET, mai bin sawun cutar har cikin ƙashi.

To, mu leƙa Toumboutou ta yankin Malanville a arewacin Benin. Dattijo ya tashi fitsari sau biyar cikin dare, ya tsaya yana yunƙuri, abin na ɗiga kaɗan-kaɗan, ya ce tsufa ne, ya sha sassaƙe. Ranar da fitsarin ya riƙe gaba ɗaya sai a goya shi a babur zuwa asibitin Malanville, a sa masa roba, ya sami sauƙi, ya koma gida da leda a gefen wando. Sau da yawa ciwon baya da na ƙugu sun riga sun fara, abin da kan nuna cutar ta shiga ƙashi.

Ko kun san asibitin koyarwa mafi kusa da shi a cikin Benin yana Parakou, tafiyar kilomita fiye da 300? Babban asibitin ƙasa, CNHU Hubert Maga, yana Kwatano, sama da kilomita 700. Kafin a zo kan kuɗin hoto, akwai na mota, na masauki, da na ɗan rakiya wanda zai bar gonar shinkafa ko ta albasa. Yamai ta fi Kwatano kusa, ta gadar Gaya, amma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tura jama'a cikin kwalekwale. Ku yi tunanin mai roba a jiki yana wannan ƙetare!

Wani abin kuma, mutanen bakin kogin Kwara sun saba da tsagiya tun suna yara, don haka jini a fitsari ba ya tayar musu da hankali. Ga mai shekara 50, ya kamata ya tayar.

A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta yi hasashen cewa masu kamuwa a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma mafi yawan ƙarin mace-macen a ƙasashe irin namu zai faɗo. Abin yana ci mini rai, domin ba sai an kawo MRI Toumboutou za a fara ba. Ana iya ɗibar jini a ƙaramin asibiti, a sa a sanyi, a aika, sai wanda nasa ya hau ya kama hanya. Wasu likitocin Birtaniya suna shawartar baƙar fata su nemi gwajin PSA tun daga shekara 45, tun kafin fitsari ya fara gardama.