Daga Aji Sai Ɗaki? Shawara Ga Sabuwar Ɗalibar Jami'a

'Yar'uwa, idan kina cikin waɗanda sunansu ya fito a jerin waɗanda aka ba gurbin karatu a jami'a bana, to barka da arziki, Allah Ya sa a gama lafiya. Na san zuwa yanzu an gama haɗa miki kaya, da bokiti da ɗan risho da garin kwaki da yaji da ƙuli-ƙuli, kuma kunnenki ya cika da nasiha. Umma ta yi, Gwaggo ta yi, Yaya babba ma ya kira ki gefe ya yi tasa. Idan aka tace duka za a ga magana ɗaya ce: "Karatu ya kai ki. Daga aji sai ɗaki. Ban da kwashe-kwashen ƙawaye, ban da shiga ƙungiya."

Ƙauna ce ta sa su faɗi haka, kuma akwai abin da suka gani da ya tsorata su. Amma rabin nasihar nan ta ƙarshe tana buƙatar gyara, domin yarinyar da ta kulle kanta a ɗaki ba ta tsira daga abin da ake tsoro ba, sau da yawa ma ita ce ta fi saurin faɗawa ciki.

Jami'a ba sakandare ba ce. Babu ƙararrawa, babu taron safe da za a tsaya a sanar da ke abin da ke tafe, babu malamar da za ta bi ki ɗaki ta tambayi dalilin da ya sa ba a gan ki a aji ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, wasu tsangayoyin suna Samaru, wasu kamar Shari'a da harkokin mulki suna Kongo. A Jami'ar Bayero akwai tsohon mazauni a wajen Kabuga, ga kuma sabo can kan hanyar Gwarzo. Za a iya sauya ɗakin lakca da safe, a matso da tes daga Alhamis zuwa Talata, a buɗe rajistar tallafin karatu na jiharku a rufe cikin 'yan kwanaki. Duk waɗannan labarai a bakin mutane suke yawo, a wajen wakilin aji, a zauren WhatsApp na sashe, a bakin 'yan aji uku da suka riga suka san hanya. Wadda ba ta san kowa ba ita ce ke zuwa ta tarar da ɗaki wayam, ta tsaya tana raba ido.

Na taɓa zama ɗaki ɗaya da wata baiwar Allah mai ƙwazo, wadda ta riƙe nasihar gida da gaske. Ba ta gaisawa da kowa fiye da sallama. A zango na farko ta rasa tes guda biyu don ba ta ji an sauya rana ba, kuma ba ta gano cewa akwai wani kwas na dole da ba ta yi wa rajista ba sai da aka liƙa jadawalin jarrabawa. Shekara ta biyu ta shige ta da kari-oba a wuya, alhali ta fi mu duka zama kan littafi.

Ki dubi sunayen da ke ƙofar ɗakunanku

Ranar da kika je karɓar gado, ki ɗaga kai ki karanta sunan da aka rubuta a ƙofar hostal. A Samaru akwai ɗakin kwana mai sunan Sarauniya Amina. A Bayero akwai mai sunan Nana Asma'u da mai sunan Gambo Sawaba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba a tuna ta da ilimi kaɗai ba, har da tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda take koyar da jajoji su kuma su koma ƙauyukansu su tara mata su karantar da su. Wato ƙungiya ce ta mata, da shugabanci da tsari. Hajiya Gambo Sawaba kuwa, wadda ta rasu a 2001, ta sha ɗauri a zamanin NEPU saboda neman 'yancin matan Arewa, ciki har da 'yancin jefa ƙuri'a. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka sa wa gini sunanta don ta zauna ita kaɗai.

To wace ƙungiya za ki shiga? A makonnin farko za ki ga kamar kasuwa ce ta ci, kowa da teburinsa da takardarsa, kowa na kiranki. Wadda za ki fara cin karo da ita, ko kin so ko ba ki so ba, ita ce ƙungiyar ɗaliban sashenku, domin galibi ana biyan kuɗinta tun wajen rajista. Tunda kin biya, ki ci moriyarta. A nan ake samun tsofaffin takardun jarrabawa, a nan 'yan manyan azuzuwa ke shirya tutoriyal, a nan ake sanin halin kowane kwas kafin a shiga. Sai ƙungiyar ɗaliban jiha ko ƙaramar hukuma, irin NAKSS ta ɗaliban Jihar Kano. Kar ki raina ta. Ranar da ake tantance masu neman tallafin karatu, ko ranar da aka rufe makaranta ba shiri ana neman motar komawa gida, a ranar za ki san amfaninta.

Sai Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wato MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, kuma da wuya ki shiga babbar makaranta a ƙasar nan ba ki tarar da reshenta ba. Ɓangaren mata na da Amira da majalisarta. Suna shirya taron tarbar sababbin ɗalibai, da ta'alimi, da karatun Alƙur'ani da tajwidi, da tutoriyal na darussan aji ɗaya, musamman lissafi da kimiyya masu kayar da mutane da yawa. A ganina babban amfaninta ga sabuwar shiga shi ne yayye. Ina nufin 'yan aji uku da aji huɗu, waɗanda za su ce miki, "Ƙanwata, wannan hanyar ba a bin ta bayan magariba," ko "Wannan fom ɗin ba a biyan ko sisi a kansa." Irin wannan ilimin ba ya cikin littafin dokokin makaranta.

Bayan waɗannan akwai na sha'awa. Mai son rubutu da harshe ta nemi ƙungiyar Hausa ko ta marubuta ko ta muhawara. Mai son aikin jarida ta leƙa gidan rediyon makaranta, don ABU da Bayero duk suna da nasu, kuma ɗalibai na koyon aiki a ciki. Mai son taimako ta duba ƙungiyoyin agaji irin Red Cross, inda ake koyon taimakon gaggawa, abin da zai amfane ki har a gidan aure ranar da yaro ya ƙone ko ya shaƙe.

Amma ba duka za ki shiga ba

Nan ne nasihar Umma take da gaskiya, kuma ina so ki natsu ki bi lissafin nan da ni. A yawancin jami'o'inmu ana auna sakamako da maki 5. Wadda ta ci 70 zuwa sama ta samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4, daga 50 zuwa 59 C, maki 3, haka dai har zuwa F da ba ta da ko ɗaya. Ana ninka makin da nauyin kwas ɗin, a tara, a raba. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai bi masa daga 3.50. Abin da sababbi ba su cika ganewa ba shi ne, sakamakon aji ɗaya yana bin mutum har ranar fita. Idan kika gama shekarar farko da 2.00 a karatun shekara huɗu, kuma nauyin darussan shekarun ya zo daidai, sai kin riƙe 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ki taɓa 3.50. Kin ga ke nan wasan wata takwas ya jawo miki gumin shekara uku. Ga kuma dokar da jami'o'i da dama ke da ita, cewa sai an halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a zauna jarrabawa.

Saboda haka shawarata ita ce biyu sun isa a shekarar farko: ta sashenku, da guda ɗaya da zuciyarki ta kwanta da ita. Kuma ki shiga a matsayin mamba kawai. Idan aka ga kina da kuzari za a fara lallaɓa ki da muƙami, a ce ki zama ma'aji ko ki shiga kwamitin shirya walima. Ki ce a bari sai kin ga sakamakon zango na biyu. Ƙungiyar kirki ba za ta ji haushi ba, wadda ta ji haushi kuwa ta nuna miki halinta da wuri. Siyasar ƙungiyar ɗalibai ta makaranta baki ɗaya, da kamfe da fastoci da taron dare, ki bar ta tukuna har ki san gari.

Yaya za ki gane ta kirki? Kowace halastacciyar ƙungiya tana da rajista a Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, kuma tana da malamin da ke sa mata ido. Kina da damar ki shiga ofishin ki tambaya, ba wanda zai ce don me. Ki lura da lokacin taronsu da wurin da suke yi. Ta kirki tana taro da rana ko da yamma, a aji ko masallaci ko zauren da kowa ya sani, kuma idan lokacin sallah ya yi ana tashi. Duk wadda aka ce miki sai an rantse, ko kar ki gaya wa kowa, ko taron a wani gida ne cikin gari, to ki ja zanenki ki bar wurin. Ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai za ki sa hannu a takarda cewa ba za ki shiga ƙungiyar asiri ba, kuma hukuncin wanda aka kama kora ce. Kada ki ɗauka maza kaɗai suke nema. Ba kuma da suna mai ban tsoro suke zuwa ba, da fara'a suke zuwa, da "zo mu raka ki", da biya miki kuɗin abinci.

Wannan ya kawo mu ga maganar da iyaye ke jin nauyin faɗa a fili. Akwai abin da ɗalibai ke kira Oktoba-rosh, wato farautar sababbin 'yan mata da wasu tsofaffin ɗalibai ke yi a farkon shekarar karatu. Salon bai sauya ba: "Kawo takardunki in yi miki rajista, na san wani a ciki." Wa suke nema? Wadda suka gani tsaye ita kaɗai da fayil a hannu, ta rasa inda za ta dosa. Wadda ke tafe cikin 'yan'uwa uku, da wata yaya a gaba tana nuna musu ofis, ba a cika tsayar da ita ba. Haka nan batun wasu malamai marasa tsoron Allah, wanda binciken da BBC ta fitar a 2019 kan lalata da ɗalibai don ba da maki ya fito da shi fili. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne, iyaye ne, amma ƙa'idar ba ta da wuya: ba a zuwa ofishin malami ke kaɗai, ba a zuwa bayan an tashi aiki. To wa zai raka ki idan ba ki da kowa? Idan kuma wani abu ya faru, wa za ki fara gaya wa? Ɗan tsako ɗaya shaho ke ɗauka.

Ke kuma da ke zuwa daga gida, ko daga ɗakin mijinki, kar ki ce wannan zance na 'yan hostal ne. Ke ce ma kika fi buƙata, don ƙarfe huɗu na yi kin kama hanya, duk abin da aka sanar bayan nan ya wuce ki. Ba sai kin zauna taron yamma ba. Ki tabbata kina zauren ajinku, ki riƙe lambar wakilin aji da ta mata biyu masu amana, ki zaɓi taro ɗaya a mako wanda ya faɗo tsakanin lakcoci. Ki zaunar da maigida tun farkon zango ki nuna masa jadawalin, da ranar ta'alimi da ranar tutoriyal da lokacin tashi. Abin da aka sani tun farko ba ya zama rigima daga baya. Masu goyo kuma su nemi junansu, don za ki tarar ba ke kaɗai ba ce ke neman inda za ta shayar tsakanin lakca da lakca.

Kunya fa? Na sani, wata tun da take ba ta taɓa tsayawa gaban mutum goma ta yi magana ba. Ba a ce ki hau mumbari ranar farko ba. Ki je ki zauna a baya, ki saurara, idan an tashi ki taya naɗe tabarma, ki tambayi ta kusa da ke sunanta da sashenta. Mako na uku za ki ji an kira sunanki daga nesa. A aji huɗu za a sa ki tsaya gaban malamai ki kare aikin bincikenki, bayan nan ga hidimar ƙasa, inda za a iya tura ki jihar da ba ki san kowa ba, ga ganawar neman aiki. Wadda ta saba ɗaga hannu a taron mata ashirin, ta taɓa rubuta bayanin taro ko ta riƙe lissafin kuɗin walima, ba ta rawar murya a irin waɗannan wurare kamar wadda ranar ce farkonta.

Uwargida, ke da za ki raka ta, ga naki aikin. Maimakon "ban da ƙungiya", idan kin kira ta a ƙarshen makon farko ki tambaye ta wace ta shiga, wace rana suke taro, a ina, su wa ta sani a ciki. Ranar da kuka kai ta, kafin ku juyo, ku nemi masallacin mata ku tambayi Amira ko wata daga cikin majalisarta, ki gaisa da ita, ki damƙa mata amanar 'yarki, ki karɓi lambarta ki ajiye a wayarki kusa da ta mai kula da hostal.