Keken Rubutu na Tafi-da-gidanka da Masu Rayar da Shi

A watan Disamba na shekarar 2009, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, gidan gwanjon nan da ake kira Christie's ya fito da wani ɗan ƙaramin keken rubutu, shuɗi-shuɗi, wanda ya sha hannu har fentinsa ya koɗe, aka yi ta tayawa ana ƙari, ba a sallama ba sai da kuɗinsa ya kai dala 254,500. Mai keken, watau marubuci Cormac McCarthy, dala 50 ya saye shi wajen 1963 a wani shagon jingina a garin Knoxville, kuma bisa ƙiyasinsa ya buga kalmomi kimanin miliyan biyar da shi; da ya rabu da shi kuwa, sai wani amininsa ya samo masa irinsa sak, ƙirar Olivetti Lettera 32, a kan abin da bai kai dala 20 ba, ya zauna ya ci gaba da aikinsa. Ƙarfen ɗaya ne, maƙerin ɗaya ne, abin da ya raba farashinsu isnadi ne kawai, kamar yadda littafin da aka san malamin da ya riƙe shi yakan fi ɗan'uwansa daraja ko da tawadarsu ɗaya ce. Amma ni a nan na dala ashirin ɗin ne ya dame ni, shi da mutanen da ke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna tsinto irinsa a mace, su kai gida su yi ta fama har ya sake magana.

Asalin wannan na'ura, a surar da muka san ta, daga birnin Milwaukee ne, inda Christopher Latham Sholes da abokan aikinsa suka sami takardar mallakar ƙirƙirarsu a 1868, sa'an nan kamfanin Remington, wanda sana'arsa ƙera bindigogi ce da kekunan ɗinki, ya karɓi aikin ya fitar da ita kasuwa a 1874. Ba laifi a tsaya a yaba wa Bahaushe a nan, domin da ya kira abin keken rubutu ya faɗi gaskiyar da mai yiwuwa bai ma san da ita ba: na farkon nan a kan teburi irin na keken ɗinki aka ɗora shi, an yi masa zanen furanni, har da abin takawa da ƙafa don mayar da takarda farkon layi, kuma manyan baƙaƙe kaɗai yake bugawa, sai a 1878 aka fito da mai buga manya da ƙanana. Jerin baƙaƙen da Sholes ya bari, wanda ya fara da Q da W da E, shi ne har yau a kan kwamfuta da wayar da ke aljihun jikokinmu.

Sai dai waɗannan na ofis ne, masu nauyin da sai ƙato ya cicciɓa, alhali ɗan jarida da hafsan soja da ɗan kasuwa mai yawo suna bukatar abin da za su rataya su hau jirgi da shi. George Blickensderfer ya nuna wani ƙarami a babban bajekolin Chicago na 1893, wanda baƙaƙensa duka suke kan ɗan dunƙule guda mai juyawa. Amma wanda ya buɗe kasuwar haƙiƙatan shi ne Corona 3 na 1912, mai nauyin kilo uku ko ƙasa da haka, wanda kansa yake naɗowa ya kwanta a kan madannai kamar raƙumi ya durƙusa, a rufe shi cikin ɗan akwati, kuma irinsa ne Ernest Hemingway ya samu kyauta a 1921 daga matar da ya aura a shekarar. Daga nan maƙera suka shiga tsere, kowa na neman ya rage tsawo da nauyi ba tare da ya rage aiki ba: kamfanin Imperial na Leicester a Ingila ya fito da Good Companion a 1932, kamfanin Paillard na Suwizalan ya fito da Hermes Baby a 1935, wanda kaurinsa bai fi na babban ƙamus ba, Olivetti kuma, da Camillo Olivetti ya kafa a garin Ivrea na Italiya a 1908, ya fito da Lettera 22 a 1950, zanen Marcello Nizzoli, wanda kyawunsa ya kai shi gidan adana kayan fasahar zamani na Niyok. Duk wanda ya ga almajirin ilmi rataye da gafakarsa ya fahimci matsayin ɗan akwatin nan a wurin marubutan wancan ƙarni.

Sa'an nan kwamfuta ta zo ta yi musu abin da mota ta yi wa ayarin fatake. Kamfanin Smith Corona ya karye a 1995, kuma a 2012 kamfanin Brother ya haɗa keken rubutu na ƙarshe a masana'antarsa ta Wrexham a Birtaniya ya miƙa shi gidan tarihin kimiyya na Landan. Miliyoyin da aka riga aka ƙera kuwa suka koma ƙarƙashin gado da bayan sito, kuma daga can ne ma'abota wannan sha'awa suke zaƙulo su, tun daga fitattu irin su ɗan wasan fim Tom Hanks, wanda ya tara su da yawa har ya rubuta littafin gajerun labarai a 2017 da keken rubutu ke leƙowa cikin kowane labari, har zuwa ɗalibin da guda ɗaya tak ya mallaka.

Abin da ya sa gyaransa yake yiwuwa ga mai haƙuri, ko da bai taɓa zama gaban maƙeri ba, shi ne al'amarinsa duka zahiri ne, ba shi da baɗini. In ka cire murfi ka danna baƙi guda a hankali, idonka zai bi motsin tun daga yatsanka har takarda: madanni ya ja ɗan ƙarfe, ɗan ƙarfe ya ɗaga sandar harafi, kirtanin tawada ya yi tsalle ya tare ta, ta mari takarda ta koma mazauninta. Kan keken kuwa, watau sashen da ke ɗauke da takarda, kullum a jaye yake zuwa hagu saboda wani sifirin da ke naɗe cikin ɗan ganga, da igiya siririya tsakaninsu, abin da ke hana shi zurawa gaba ɗaya wata 'yar ƙafa ce mai haƙora irin ta cikin agogo, wadda take sakin haƙori guda a kowane bugu; shi ya sa baƙaƙe suke jeruwa daidai wa daida, goma a kowane inci a wasu kekunan, goma sha biyu a wasu. In igiyar nan ta tsinke, keke ya tsaya cik kamar ya mutu, jahili ya sayar wa 'yan gwangwan, alhali zaren kamun kifi mai ƙwari ya isa ya tashe shi.

Nawa ƙaramin Olympia ne, ƙirar Jamus, wanda na tsinta a wurin wani dillalin tsofaffin kaya a tsakanin tukwanen risho da fankokin da suka daina juyawa, akwatinsa na warin ajiya, gidan zanzaro manne a ƙarƙashinsa. Da na kai gida na ga sandunan suna tashi da nawa, sai na yi abin da kowane mai kyakkyawar niyya da ƙarancin sani yakan yi, na ɗauko man keken ɗinkin uwargida na bi tsagogin da sandunan ke fitowa ɗaya bayan ɗaya na shayar da su. Kwana biyu keke yana gudu kamar sabo, ina ta yabon kaina. Da hunturu ya shigo, ƙurar da ke ratsa tagogi ta sauka a kan man nan ta zama kamar ƙullun tuwo, har ta kai in na danna harafi sai ya tashi ya tsaya a tsakiyar hanya, in sa yatsa in mayar da shi.

Aka kwatanta mini wani dattijo a bayan kasuwa, mai gyaran kekunan ɗinki, wanda a zamanin ƙuruciyarsa yake bin ofisoshin En'e da makarantu yana duba kekunan rubutunsu. Ya buɗe, ya sa ɗan yatsa ya shafo, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wa ya yi masa wannan wanka?"

"Ni ne, Baba."

"To, garin neman gira ka kusa rasa ido. Nan wurin ba ya shan mai, a bushe aka halicce shi."

Ya kawar da mu daga inda ake hura gawayi, ya zuba fetur kaɗan a murfin gwangwani, ya ɗauko tsohon buroshin goge baki, ya rufe fentin da tsumma domin fetur na cinsa, sa'an nan ya shiga wanke tsagogin yana kaɗa kowace sanda sama da ƙasa har baƙin ruwa ya daina fita. Bayan haka ya ɗauki allura ya bi cikin baƙaƙen, musamman e da a da o, yana tono busasshiyar tawadar shekaru da ta cike cikinsu har suka koma ɗigo-ɗigo. Mai kuwa, da ya zo sa shi, bakin allurar ya tsoma ya ɗiga a kan titin da kan keken ke gudu, ɗigo biyu, ya rufe kwalba. Daga baya na tarar cewa abin da ya gaya mini ijma'i ne a wurin masu wannan sana'a a ko'ina, illa dai su a can suna da ruwan wanki na musamman da ya fi fetur sauƙin haɗari.

Babbar mas'alar da haƙuri kaɗai ba ya warwarewa ita ce roba. Rolar da takarda ke naɗuwa a kanta riga ce ta roba a kan ƙarfe ko itace, kuma aikinta ta karɓi marin harafi da taushi. In ta shekara hamsin, balle a ƙasa mai zafi irin tamu, sai ta ƙeƙashe kamar dutse, ƙarar bugu ta yi tsanani, ɗigon aya ya riƙa huda takarda, baƙaƙen kansu su soma lalacewa. Ƙananan rololin da ke ƙarƙashinta su kuma sukan baje ta gefe guda in an bar su a matse shekaru, takarda ta riƙa shiga a karkace. A Amurka da Turai akwai 'yan wuraren da ake aika rola su sake mata sabuwar riga; mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan haɗa takarda biyu ya buga a kan ta sama, wasu ma sukan fere tsohuwar robar su sanya mata tiyub ɗin keken hawa. Kirtanin tawada bai kai wannan wuya ba, domin mafi yawan kekuna mai faɗin rabin inci suke sha kuma har yanzu ana yinsa, amma wajibi ne mutum ya riƙe tsofaffin ƙwaryoyin ƙarfen da ya tarar a ciki ya naɗa sabon a kansu, saboda wasu kekunan ba sa karɓar na wani.

A kan abin da ya wuce wannan, masu tarawa sun kasu mazhabobi biyu. Akwai masu ganin a kankare tsohon fenti a fesa sabo, a goge ƙarfe har ya riƙa ɗaukar ido, akwai kuma masu cewa kowane tabo shaida ne, kuma gogewar da babban yatsan wani akawu ya yi wa sandar tazara a shekara talatin amana ce da ba ta halatta a shafe ba. Ni ina tare da na biyun, matuƙar tsatsa ba ta ci ba, ko da yake ba na ganin laifin wanda ya tsinci gawa ya yi mata sabuwar sutura. Inda duka suka haɗu shi ne tsinuwa ga masu yanke madannan gilashi na kekunan kafin yaƙin duniya na biyu don yin zobba da 'yan kunne, su yar da sauran, wanda israfi ne tsantsa, tamkar a yanka saniya don ƙahonta. Zan ƙara da nawa ƙorafin, ko da zai ɓata wa wasu rai: mutumin da ya jera keke ɗari a kanta bai taɓa buga wasiƙa da ɗaya ba, ya sani cewa ajiya ita ce ke kashe su, domin tsohon mai yana daskarewa ne a inda babu motsi.

Mai sabon shiga zai yi mamakin rashin lamba 1 a kan da yawa daga ƙananan nan. Maƙera sun yi tsimin wuri ne, suka bar wa ƙaramin l aikin, alamar motsin rai kuwa sai ka buga aya, ka koma baya, ka ɗora mata ɗan waƙafin sama. Mu Hausawa namu rashin ya fi wannan, domin ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna da gindinsu a ɗab'i tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, babu su a kekunan da aka ƙera don Turanci, shi ya sa akawunan wancan zamani sukan buga b da d da k tsura, wasu su maƙala musu waƙafi a gefe, masu tsantseni kuma su bi takarda da alƙalami bayan an zare ta suna yi wa kowanne ƙugiya, don kada a karanta baki a inda ake nufin baƙi. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka liƙa a kan sandarsa da dalma, saboda haka ana iya narkar da shi a ɗora wani. Na tambayi dattijon ko zai iya cire mini alamun kashi-kashi da ba na amfani da su ya sa mini namu, ya ce ɗorawa ba ta gagare shi ba, in dai zan samo wanda zai sassaƙa baƙaƙen a juye, a kan ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ba ni sunan wani maƙerin hatimi a cikin birni, na je sau biyu ban same shi ba, kuma wannan maƙalar ma da jan biro na bi ta ina sa ƙugiyoyin.