Kukan jaririn da ya saba da tiramol tun yana ciki

Duk wanda ya zauna a unguwar Adjamé Saint-Michel ta birnin Abijan ya san Roxy, kasuwar da ake sayar da magani a faranti ba tare da takardar likita ba. A 2023 hankalin Abijan ya tashi kan ƙwayar da samari suka laƙaba wa suna Kadhafi, wadda suke korawa da barasa, kuma tun lokacin maganar ƙwaya ta tsaya a kan samari. An manta da matan da ke tashi tun asuba su yi dako ko su tsaya bakin tukunya har dare, waɗanda ciwon baya kan sa su haɗiye tiramol don aiki ya yiwu. Binciken da Najeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce. Wasu daga cikin irin waɗannan mata suna da juna biyu, kuma lafiyar jariransu ta dogara ne a kan ko za su iya faɗa wa ungozoma gaskiya ba tare da an ci musu mutunci ba.

Tiramol da kodin da hodar hiroyin duk dangi ɗaya ne, kuma suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi. Idan uwa ta yi watanni tana sha kullum, jikin ɗan ya saba. Ranar da aka yanke cibiya sai hanyar ta katse, galibi cikin kwana 1 zuwa 3 alamu su bayyana: kuka mai tsini wanda ba ya jin rarrashi, makyarkyata, sandarewar jiki, yawan hamma da atishawa, zufa, amai, zawo, da kasa kama nono duk da yunwa. Wani har jijjiga yake yi. A lokacin sau da yawa an riga an sallami mai jego, sai a gida a ce iska ce ko kambun baka, a shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe, alhali ruwan jikin yaron yana ƙarewa. Waɗannan alamu kuma suna kama da na cutar da ƙwayoyin cuta kan sa wa jinin jariri, wadda ke kisa da sauri, don haka asibiti ne kawai zai bambance.

Wani zai ce ai magani a gonar yaro, mace ta daina sha da ta ga ta ɗauki ciki. Niyyar mai kyau ce, amma yankewa farat ɗaya na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma da yawa kan koma shan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2014, ta ba da shawarar a riƙe mai ciki da jikinta ya kamu a kan magani irin su metadon, bisa awon likita. Abijan ba ta rasa masu wannan aiki ba: a 2018 aka buɗe cibiyar CASA a Marcory da hannun ƙungiyar Médecins du Monde. Jaririn uwar da ke kan metadon ma zai iya nuna alamun, sai dai an san da zuwansu, an shirya.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne ciwon yana warkewa, kuma babban maganinsa uwar ce. Tun 1975 likita Loretta Finnegan ta Amurka ta tsara ma'aunin alamun. Daga baya likitoci suka koma ga tambayoyi uku: yana shan nono, yana barci, yana jin rarrashi? Gwajin da aka wallafa a 2023 daga asibitoci 26 na Amurka ya nuna wannan hanya ta rage zaman asibiti da kusan mako guda. Ɗaki mai duhu-duhu ba hayaniya, naɗe yaro a zane, kwantar da shi a ƙirjin uwa, duk ba baƙon abu ba ne ga mai jego Bahaushiya. Idan abin ya tsananta, likita kan ba da ɗigon mofin yana ragewa a hankali. Batun shayarwa ma na likita ne, domin tiramol da kodin suna bin nono.

Akwai masu ganin tausasa wa irin wannan uwa ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Amma matar da ta san za a tozarta ta ba ta daina sha, awon ciki take dainawa, kuma jariri ne ke ɗaukar nauyin hukuncin. A tsananta wa masu shigo da ƙwaya da dillalanta, wannan daidai ne. Ita kuwa ungozoma ta tambayi kowace mai ciki abin da take sha, a keɓe, cikin mutunci. Miji da suruka su raka ta asibiti, su kuma yarda a riƙe jaririn kwana 3 zuwa 7 ana duba shi, ko da hakan zai sa a yi suna a gadon asibiti.