Inji Ya Koma, Mai Ya Ƙi Zuwa: Rayuwa a Wani Gareji a Gummi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Anka ta ratsa Ɗaki Takwas zuwa Gummi ya san tsofaffin motoci ba su yi ritaya ba a yammacin Zamfara. Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ya cika ƙasar nan da ita, har yau tana dakon gero da dawa daga ƙauyukan Bukkuyum zuwa kasuwa. Abin da ya raya ta shi ne kafireta. Mota mai kafireta ba ta neman kwamfuta kafin a gano ciwonta. Sifana da sukudireba da kunnen bakanike sun wadatar.

A bayan gari akwai wani gareji da irin waɗannan motoci ke zuwa jinya. Rumfar kwano ce ɗaya da inuwar dogon yaro, sai ƙarafa uku da aka haɗa kawunansu aka rataya sarƙar ɗaga inji. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi tauri. Yara masu koyo su ne farkon zuwa: su yi shara, su jera kayan aiki a kan buhu, su jira maigida.

Babban aiki a nan shi ne sauke inji: a canja ring, a gyara bawul, a sa sabon gaskit, a mayar. Ranar tashin motar ita ce ranar fargaba. Mai mota ya biya kuɗin kaya, ya yi makonni ba ya lodi, ga shi tsaye. A murɗa makulli, inji ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Nan take yaro zai kai hannu kan kafireta, nan take kuma maigida zai tsawata masa: "Kai, bar ta! Mi ta yi maka? Bi mai tukuna."

Bin mai yana da tsari. Da farko a ɗiga ɗan fetur a maƙogwaron kafireta, kowa ya ja da baya saboda wuta kan yi tsartuwa ta nan. In inji ya kama ya mutu, to filogi da taimin lafiya lau, mai ne bai iso ba. Sai a zare tiyon da ke shiga kafireta a zura shi cikin gorar roba, a sake kunnawa. Famfo mai lafiya tofo mai yake yi da ƙarfi, bugu bayan bugu. In gorar ta zauna a bushe, sai a ɗora galan a kan rufin mota, a jawo tiyo kai tsaye zuwa kafireta. Motar ta tashi? Laifin yana tsakanin tanki da famfo ke nan.

Yawancin abin da ake tararwa a nan hannun mutum ne ya jawo shi. Famfon man irin waɗannan motoci inji ne ke motsa shi, don haka in bai zauna daidai ba wajen mayarwa, ko aka sa masa gaskit mai kauri fiye da kima, ba zai ja ba. Wani lokaci yaro ne ya juya tiyon shiga da na fita. Wani lokaci tsohon tiyo ne ya tsage wajen cirewa, yana zuƙar iska a maimakon mai. In kuwa robar cikin famfon ta yage, fetur kan zurara cikin baƙin mai; shi ya sa maigida ke zaro ma'aunin baƙin mai ya sansana, don kada sabon aiki ya lalace a makon farko.

Sai an gama da wannan ake buɗe kafireta. Motar da ta daɗe a ajiye, man cikinta ya bushe ya bar danƙo. In ƙaramin jet ya toshe, mota za ta yi ruri muddin ƙafa na kan totur, ana ɗagawa ta mutu. In allurar fulot ta maƙale, mai ya yi ambaliya, filogi ya jiƙe, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Maigida kan wanke jet da fetur, ya hura, ya ɗaga shi saitin rana. Sai ya hango haske ta ƙofar yake mayarwa. Bai yarda a tsokane shi da waya ba, don ƙofar na faɗaɗa motar ta koma shan mai.

Shan mai kuwa yanzu ba wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, direba lita-lita yake saye, tanki kullum a ƙasa, famfo na kwasar tsatsa da laka. A ƙauyuka da yawa a hannun 'yan bumburutu ake samun man, daga jarka zuwa galan, da ƙura da ɗigon ruwa. Mutanen yankin ba su manta shekarar 2021 ba, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga. Ga kuma zafin bazara: in aka bi da tiyo kusa da bututun hayaƙi, fetur ya zama tururi a hanya, mota ta shaƙe. Tsofaffin direbobi kan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo su ci gaba, amma a gareji matsar da tiyon ake yi.

Saboda haka tashin mota a gindin dogon yaro bai isa a karɓi kuɗin aiki ba. Maigida zai sa a ɗora mata kaya, ya zauna gefen direba, su yi nisa har inji ya yi zafi sosai, su kashe, su sake tayarwa. A wannan yanki akwai dazukan da babu direban da ke son buɗe bonet a cikinsu, ga fasinjoji a baya, ga yamma ta yi. Sai sun dawo lafiya yake ba yaro izinin kwashe sifanu, mai mota kuma ya sa hannu a aljihu.