Kukan Famfo ko Ƙwanƙwasar Ƙafa: Wanne Za a Fara Gyarawa?

Motar da ke jigila tsakanin Kutemeshi, Kuyello da Dogon Dawa, ta ɗauko buhunan masara da fasinja ta nufi Birnin Gwari ko Funtuwa, ba ta daɗewa sitiyarinta bai fara magana ba. Maganar iri biyu ce. Akwai kukan da ke tashi daga cikin bonet idan an murɗa sitiyari, akwai kuma ƙwanƙwasar da ke zuwa daga ƙasa idan taya ta faɗa rami. Direba na kiran su duka "ƙarar sitiyari", amma asalinsu daban, kuɗin gyaransu daban, kuma sau da yawa abin da ke aljihu ba ya isa a yi duka biyun a rana ɗaya.

Kukan sama ba ya ɓuya. Mota na tsaye, inji na aiki, a murɗa sitiyari zuwa ƙarshen dama a dawo ƙarshen hagu: idan kukan na ƙaruwa da murɗawa, famfon fawa sitiyari ne ke neman mai. A buɗe murfin tankinsa a duba. Mai ya yi ƙasa, akwai inda yake yoyo, ko a tiyo ko a rak. Ya yi kumfa, iska ta shiga. Ya yi baƙi yana ƙauri, ya gama aiki. Idan kuwa ƙarar siririya ce mai tsinin kunne, musamman da sanyin safiya, bel ne ya saki.

Ƙwanƙwasar ƙasa ita kuma sai an bi ta da hannu. A kashe inji, yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, bakanike ya ɗora tafinsa a kan tayarod. Idan ya ci, zai ji bugun a hannunsa tun kafin kunnensa ya ji. A ɗaga motar a jak, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza: wasa a nan na tayarod ne. A kama ta sama da ƙasa: wasa a nan na boljoyin ne ko boris. Ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa sai an karya kwana ana tafiya kuwa na shaf ne.

Dalilansu ma sun rabu. Famfo na mutuwa ne daga sakaci: a bar shi ba mai, a danne sitiyari a ƙarshensa a daɗe, ko a zuba masa man da ba nasa ba. Toyota da yawa jan man ATF suke sha, Honda nata take so, kuma abin da ya dace yana rubuce a murfi ko a littafin motar. Ƙafa kuwa hanya ce ke cinye ta, ko da direban ya fi kowa kula. Robar da ke rufe tayarod da boljoyin na yagewa, giris ya tsiyaye, ƙurar hunturu ta shiga, lakar damina ta biyo baya, gargada da lodin da ya wuce kima su ƙarasa sauran.

Ta fuskar kuɗi, kuka ne ya fi saurin ramuwa. Yau kwalbar mai ɗaya da ɗaure tiyo sun wadatar. A yi jinkiri, sai an aika Panteka a Kaduna neman famfo ɗan Beljiyam, wani lokacin har da rak. Tayarod da boljoyin ba su kai wannan tsada ba, sai dai suna da ragowar kashewa, domin wanda ya canza tayarod bai yi alaimen ba zai ga tayarsa na cinyewa ta gefe ɗaya. Akwai kuma araha mai cutarwa da wasu gareji ke yi, wato a buga wa boljoyin guduma ko a cusa masa roba don ya yi shiru. Ƙarar ce ta tafi, cin da ƙarfen ya yi yana nan.

Inda suka fi nisa da juna shi ne ranar da abin ya ƙare gaba ɗaya. Famfo ya tsaya, sitiyari zai yi nauyi, direba zai yi gumi a kwana, amma tayoyin suna bin hannunsa, zai lallaɓa ya isa gari. Kada a raina shi dai, don a wasu motocin bel ɗin da ke juya famfo shi ke juya altaneta, idan ya tsinke matsala ta zama biyu. Tayarod ya fita, taya ta daina jin sitiyari. Boljoyin ya balle, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota, kuma ba ya zaɓen wuri. A hanyoyin da suka ratsa dajin Birnin Gwari, inda mutane suka sha fama da 'yan bindiga, tsayuwar dole a tsakanin gari da gari ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kowace ƙwanƙwasa ce ke da wannan haɗarin ba. Linkej ko bushin da ya ci yana damun kunne ne fiye da yadda yake barazana, shi ya sa gwajin jak ya zama dole kafin a yanke hukunci. Sababbin motoci ma sun rage gardamar, tunda Corolla daga ƙirar 2009 sitiyarin lantarki gare ta, ba famfo ba mai, amma tayarod da boljoyin suna nan yadda suke.

Idan jak ya nuna wasa a tayarod ko boljoyin, ni dai a can zan fara kashe kuɗin. Famfon a cika masa mai, a riƙa duba shi kowace safiya, ya jira kasuwa mai zuwa.