Bonsai: Fasahar Renon Bishiya A Cikin Kasko

Bonsai fasaha ce ta renon bishiya a cikin kasko mara zurfi, inda ake datse saiwoyi da rassa a kai a kai, a kuma naɗe rassan da wayar tagulla domin a lanƙwasa su, har bishiyar ta yi kama da tsohuwar bishiyar daji alhali tsayinta bai cika wuce mita 1 ba. Asalinta daga ƙasar Sin ne, amma a Japan ta bunƙasa, inda masu sana'ar suka kafa ƙauyen Omiya a 1925, aka kuma fara babban baje kolin Kokufu a Tokyo a 1934.

Masu sha'awarta kan haɗu a ƙungiyoyi, saboda aikin yana cin shekaru, kuma sabon shiga yana bukatar ƙwararre da zai nuna masa lokacin datsa da sauya ƙasa.

Kuka da tsamiya suna cikin itatuwan da ake reno haka, kuma dukansu sun saba da zafin Kano. Don haka mazauna Kumbotso, musamman ma'aikatan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai waɗanda gidajensu ba su da fili, ya dace su haɗa kai su fara da waɗannan itatuwa.